Ina Makaɗan Suka Tafi? Batun Sitiriyo Daga Kaset Zuwa Memori

Batun da muka ɗauko a wannan karo, wani dattijo maƙwabcinmu ne a nan zango ya jawo shi. Ran wata Asabar da la'asar ya aiko jikansa ya kira mu, muka tarar da shi zaune gaban wata 'yar sifikar Bluetooth da ɗansa ya sayo masa, ransa a ɓace. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, kai da ka yi ilmin zamani, saurari wannan ka gaya mini ina makaɗan suka tafi."

Kiɗan kuwa na bikin ƙanwarsa ne, wanda aka ɗauka a kaset shekaru da dama da suka wuce, da rikoda mai makirfo biyu. Ya ce a da in ya sa kaset ɗin a babbar rikodarsa ya rufe ido, yakan ji mawaƙin a tsakiya, masu kalangu ta hagu, 'yan amshi ta dama, guɗar mata kuma daga can baya, har yakan gane muryar mahaifiyarsa a cikinsu. Yanzu duk sun dunƙule wuri guda. Muka karɓi memorin muka saurara da abin saƙalawa a kunne, sai muka ji abin da ke kunnen hagu shi ne a kunnen dama, babu bambanci ko kaɗan. Muka ce, "Baba, ina kaset ɗin?" Ya ce ai tun da aka juye shi a wani shago a kasuwa, yara suka warware zaren suka yi wasa da shi.

Abin da Baba ya rasa shi za mu kira dandalin sauti, wato wannan fili da mai sauraro yake ji a gabansa, mai faɗi da zurfi, inda kowane makaɗi yake da wurin tsayuwarsa. Tun da yake gidaje da yawa a zangonninmu suna cikin juye tsofaffin kasa-kasai zuwa memori da wayar hannu, muka ga ya kamata mu yi bayanin yadda kowane irin ma'ajin sauti yake riƙe wannan dandali, ko yake cinye shi.

Mu fara da kunne. Idan sauti ya taso ta hagunka, yana riga isa kunnen hagu kafin na dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma ya fi ƙarfi a hagun, domin kai ya tare wa kunnen dama. Da waɗannan bambance-bambance biyu ƙwaƙwalwa take gane inda sautin yake. Mukan gwada wannan a aji: a ɗaure wa yaro ido da ƙyalle, wani ya tafa daga kusurwa, nan da nan zai nuna wurin. Amma a sa shi ya toshe kunne guda, sai ya shiga lalube.

A kan wannan ne wani injiniya na kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya gina dabarar sitiriyo, wadda ya yi wa rajista a 1931. Maimakon layin sauti guda, wato mono, sai a ɗauki layi biyu, na hagu da na dama. In murya ta fito daidai wa daida daga sifikoki biyu, mai sauraro zai ji ta a tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya. In ta fi ƙarfi a hagu, sai ya ji ta matsa hagu. Ke nan dandalin gaba ɗaya yana cikin bambancin da ke tsakanin layin hagu da na dama. Duk abin da ya rage wannan bambanci ya ƙuntata dandalin, in kuwa aka shafe shi an koma mono.

Faifan garmaho na sitiriyo ya shiga kasuwa sosai a 1958. A jikinsa tsagi guda ne mai bango biyu, bango ɗaya na hagu, ɗaya na dama, allura guda kuma ke karanta su duka. Saboda haka ba a rasa yoyo daga wannan layi zuwa wancan. Ana auna tazarar layukan da ma'aunin desibel, kuma allura mai kyau takan ba da kamar 25 zuwa 30. Wannan ya isa a ji dandali mai daɗi, sai dai masu yanka faifai sukan tattara sauti mai kauri a tsakiya don kada allura ta yi tsalle.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi muka fi sabawa da shi. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne kacal, yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma a wannan ɗan faɗi aka jera layi 4, biyu na gaba biyu na baya. Matsalarsa iri biyu ce. Ta farko ita ce wannan "sss" da ke ƙarƙashin kiɗa, wadda takan binne ƙananan amsa-kuwwa na ɗaki ko na fili, alhali su ne ke gaya wa kunne wane ne kusa, wane ne nesa. Ta biyu ita ce kan rikoda da zaren yake gogawa. In ya karkace ko da kaɗan ne, ko ya yi dauɗa, sai siraran sautuka su dushe, muryar tsakiya ta yi ta yawo. Kaset ɗin da aka juye daga wani, shi ma daga wani, kowane juyi yana ƙara masa waɗannan cututtuka. Duk da haka kaset na asali mai lafiya yana riƙe dandali sarai, shaida kuwa ga ta nan wajen Baba.

Rediyo fa? Tashoshin gajeren zango da muka taso muna kamawa mono ne. FM kuwa tana aika jimillar hagu da dama a gefe guda, bambancinsu a wani gefen, akwatin rediyo ya haɗa su. In tasha ta yi nisa, ɓangaren bambancin ne yake fara shashshaka, shi ya sa akwatuna da yawa suke komawa mono da kansu ba tare da mai su ya sani ba.

Da faifan CD ya zo a 1982, aikin haɗin gwiwar Sony da Philips, sai aka mai da sauti lambobi. Ana auna kowane layi sau 44,100 a daƙiƙa, a ajiye na hagu daban na dama daban, ta yadda tazararsu ta haura desibel 90. A nan dai ma'aji ya daina cin dandali. Sai dai lambobin suna da nauyi: kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kamar megabait 10 a kowane minti guda.

Wannan nauyi shi ya haifar da MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta taka babbar rawa wajen ƙirƙirarsa, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993. Dabararsa ita ce zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. MP3 mai lamba 128 kusan kashi ɗaya ne cikin 11 na nauyin CD. A nan sai mu yi adalci: in an matse waƙa a kan 256 ko 320 daga asali mai kyau, yawancin mutane ba za su iya bambanta ta da CD ba in ba a gaya musu ba. Ɓarnar tana bayyana ne in aka sauko ƙasa sosai, kamar 64 ko abin da bai kai haka ba. A nan na'ura takan fifita abin da ke tsakiya, ta yi wa bambancin hagu da dama rowa, amsa-kuwwa ta kakkarye, tafi da kacau-kacau su zama kamar ana motsa ruwa a kwano. Wasu tsare-tsaren ma a irin wannan mataki layi guda suke aikawa, tare da 'yan alamu na inda za a jingina kowane sauti.

Abin da ya fi wannan muni shi ne matsi a kan matsi. Mu malaman makaranta mun san abin da ke faruwa in aka yi fotokwafin takardar jarrabawa, aka sake yin na kwafin, aka kuma sake: kafin na biyar an daina gane lamba 3 da 8. Haka waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka mai da ita MP3, aka sake rage ta don ta shiga memori. Kuma kada wani mai shago ya ruɗe ku da cewa zai "ɗaga" muku waƙa daga 64 zuwa 320. Nauyin fayil kawai zai ƙaru, abin da aka zubar ba ya dawowa.

Amma ba kowane laifi ne na ma'aji ba. Waƙoƙin da da yawa, musamman waɗanda aka ɗauka a gidajen rediyo, mono ne tun asali, kuma wannan bai rage musu daraja ba. Haka nan sau da yawa fayil lafiyarsa lau, kayan sauraro ne suka kashe shi. 'Yar sifika mai baki guda haɗe layukan biyu take yi, kowane irin fayil ka ba ta. Mun sha shiga falo mu ga an ɗora sifika kan 'yar'uwarta, ko ɗaya kan kabad ɗaya bayan kujera. Yadda ya dace shi ne a raba su kamar mita 2, daidai tsayin kunnen mai zaune, shi kuma ya zauna a tsakiya da nisan mita 2 daga kowace. A duba wayoyin bayansu, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi a duka biyun, domin in aka juya na guda, sauti mai kauri zai raunana, muryar tsakiya kuma ta watse. Wannan gyara ba ya cin ko sisi, kuma ya fi sauya kunne a kan bambancin 320 da CD.

To, ga mai niyyar juye kaset ɗin gidansu, ga shawarwarinmu. Na farko, a goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit kafin a fara. Na biyu, a dubi bakin wayar da za a haɗa rikoda da kwamfuta: na sitiriyo zobe biyu baƙaƙe gare shi, na mono zobe guda. A guji ramin makirfo, domin a kwamfutoci da yawa layi guda yake ɗauka, kuma muna kyautata zaton nan ne aka yi wa Baba ɓarna. Na uku, a ajiye juyin farko a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Kaset mai minti 90 bai cika gigabait 1 ba a WAV, a FLAC kuma ya fi haka sauƙi. Daga wannan uwar sai a ciri MP3 na yawo. Na huɗu, kafin a biya mai shago a saurara da abin saƙalawa a kunne, a cire na hagu a ji, a cire na dama a ji. Na biyar, in za a aika wa dangi ta WhatsApp, a aika fayil ɗin kansa a matsayin takarda. Kara waya a bakin sifika a ɗauki saƙon murya mono yake bayarwa, har da kukan akuyar maƙwabta a ciki. Na ƙarshe, kuma shi ne babba, kada a yar da kaset ɗin. A sa shi a kwalinsa, nesa da rana da danshi, nesa da sifika kuma, domin akwai maganaɗisu a cikinta.

Shi dai Baba, da muka gama yi masa wannan bayani ya yi shiru, can ya tuna cewa a lokacin bikin an juya wa dangin ango kaset guda. Ya riga ya aika a bincika masa a garinsu, mu kuma mun yi alkawarin in an samo shi, da hannunmu za mu juye. Wanda yake da irin wannan ajiya a ƙasan akwati, ya fito da ita ya duba tun zaren bai manne ba.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.