Kura da Shan Bugu: Makomar Aikin Ɗalibin Harshe a Damagaram

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara wa aikin ɗaliban ilimin harsuna daraja, domin ƙamusoshi da littattafan makaranta da manhajojin fassara duk suna buƙatar kalmomi da muryoyin da aka tattaro daga bakin masu harshen. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya kwashe watanni yana naɗar Damagaranci a Birni da Zango da Mirriya yana riƙe da dukiya. Sai dai sau da yawa dukiyar tana cikin waya guda ɗaya, ba kwafi, ba suna, ba kwanan wata.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko ɓata: waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, muryar tsohuwar da aka naɗa kuma ba za ta dawo ba idan mai ita ta riga mu gidan gaskiya. Na biyu ƙwace: a tura kundin digiri a zauren WhatsApp, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har wata rana ya bayyana da sunan wani. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Wasu na ganin mafita ita ce a ɓoye aiki har sai an buga shi. Wannan kuskure ne. Aikin da ba wanda ya san da shi shi ne mafi sauƙin sata, domin mai shi ba ya da shaida. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu sun fahimci haka, shi ya sa da yawansu ke rufe rubutu da sunan marubuci da na mai kwafi. Fataken da suka haɗa Damagaram da Kano da Agadas da Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun ma da sanayya suka tsare dukiyarsu: mai masauki, dillali, wasiƙa da shaidu.

Kwatankwacin waɗannan suna nan a intanet, kuma kyauta ne. ORCID, da aka buɗe a 2012, yana ba manazarci lamba tasa ta dindindin, abin da ke da amfani ƙwarai inda suna ɗaya ke fitowa Mahamadou a takardar Faransanci, Muhammadu a ta Hausa. Zenodo, rumbun da cibiyar CERN ke kula da shi tun 2013, yana karɓar kundi ko sauti, ya ba shi lambar DOI da kwanan wata, wato shaidar wanda ya riga. Lasisin Creative Commons yana fayyace sharaɗin amfani da aiki, kamar wajabcin ambaton mai shi. Ta fuskar doka kuwa, akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Nijar. Ƙungiyoyi irin su Masakhane, masu aikin fasahar harsunan Afirka, hanya ce ta samun abokan sana'a, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai haƙƙin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Makaɗi ko mai tatsuniyar da ya ba da muryarsa shi ne tushen aikin. Wajibi ne a nemi yardarsa da harshen da yake ji, a bayyana masa inda muryar za ta je, a kuma bi zaɓinsa game da ambaton suna. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, amma ko babu doka, amana ta isa dalili.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin harsuna su mayar da wannan ƙa'ida: kada a karɓi kundi sai da kwafi uku a wurare dabam-dabam, da takardar yardar masu magana, da rubutu mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daidai, domin injin bincike ya iya gano shi. André Salifou ya rasu a 2022, amma littafinsa na 1971 kan daular Damagaram yana nan ana ambatonsa da sunansa, saboda an buga shi an adana. Muryoyin da ake naɗa yau a Zinder sun cancanci irin wannan kulawa.