Wuyan Ƙaramin Kare Ba Na Akuya Ba Ne

Wata yamma a makon jiya, a layinmu, na ga maigadin wani gida ya fito da karen maigidansa shan iska. Ɗan ƙaramin kare ne fari mai gashi buzu-buzu, irin wanda masu sayar da karnuka a Abuja da Legas suke kira Lhasa, da ƙyar zai wuce kilo 6. An rataya masa sarƙar ƙarfe a wuya wadda ta fi dacewa da ƙaton karen gadi. Duk sanda ya tsaya shinshina gindin bishiya sai maigadin ya fizge shi, shi kuma ya ƙame, ya miƙe wuya, ya yi wani busasshen tari mai kama da kukan dinya. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yallaɓai, ai kullum haka yake yi, shagwaɓa ce kawai."

Maigadin ba mugu ba ne. Ya yi abin da muka gada ne. Mun taso muna ɗaure akuya da tunkiya a wuya mu kai su turke, kuma karnukan da muka sani, na farauta da na gadi, masu jiki ne da wuyansu ke da tsoka. Abin mamakin shi ne mu mutane ne da suka san kayan dabba ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ɗaura wa doki sirdi ranar hawan sallah ya ga yadda ake auna majayi da hannu, kada ya matse kada ya yi sako-sako. Manomi ya san inda karkiya take zama a jikin shanun huɗa. Wannan ilimin ne bai bi mu zuwa ga ƙananan karnukan da suka shigo gidajenmu daga waje ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wanda ya ajiye ƙaramin kare, to ya raba igiyar ja da wuyansa, ya mayar da ita ga ɗamarar ƙirji, wato kayan da ke zagaye ƙirji da kafaɗu. Kuma a wajen zaɓen ɗamarar, awo da siffa sun fi tsada da kyan launi muhimmanci.

Bututun numfashin kare ba ƙashi ba ne. Jerin zobba ne na guringuntsi, kowanne a buɗe ta sama, wata siririyar tsoka ce ta rufe gibin. A wasu ƙananan jinsuna, musamman Yorkshire terrier da Pomeranian da Chihuahua da ƙaramin poodle, waɗannan zobban sukan yi rauni da shekaru, su fara lotsewa, hanyar iska ta ƙuntata. Alamar da likitocin dabbobi suka fi sani ita ce irin tarin nan da na ji a layinmu. Asalin ciwon raunin guringuntsin ne, kuma gado yana da hannu a ciki, amma ƙiba da zafi da ƙura da hayaƙi da matsi a wuya duk suna tsananta shi. Shi ya sa cire maɗaurin wuya yake cikin shawarwarin farko da ake ba mai irin wannan kare. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura wata uku, bai kamata mu ƙara wa maƙogwaron wani nauyi ba.

Sai a yi lissafi mai sauƙi. Mutum mai kilo 70 yana riƙe da kare mai kilo 3, ya ninka shi nauyi fiye da sau ashirin. Fizgar da kai kake gani ɗan jan hankali ce, a wuyansa ta sauka gaba ɗaya a kan wuri mai faɗin yatsa. Akwai kuma batun ido. Wani bincike da aka buga a 2006 daga Jami'ar Wisconsin a Amurka ya auna matsin ruwan cikin idon karnuka yayin da ake jan su, ya samu cewa matsin yana tashi idan igiyar tana wuya, amma bai tashi haka ba idan tana jikin ɗamarar ƙirji. Ga karnuka masu gajeren hanci da manyan idanu a waje, irin su pug da Shih Tzu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To wace ɗamara? Nan ne yawancin masu saye suke tuntuɓe, domin kasuwa ta cika da kala-kala, kuma mai shago zai tambaye ka nauyin karen ne kawai, ko ya dube shi da ido ya miƙo maka ƙarama. Nauyi ba ya faɗin siffa. Dachshund mai doguwar gangar jiki da zurfin ƙirji da pug mai kaurin wuya suna iya zuwa nauyi ɗaya, amma kayan ɗaya ba zai zauna wa ɗayan ba. Kuma abin da wani kamfani ya kira ƙarami, matsakaici ne a wurin wani. Ka ari tef ɗin tela, ka tsayar da karen a kan ƙafafunsa huɗu, ka auna zagayen ƙirjinsa a inda ya fi faɗi, wato ɗan bayan ƙafafun gaba. Sannan ka auna gindin wuya, can ƙasa inda ya haɗu da kafaɗu. Da waɗannan lambobi biyu za ka shiga kasuwa. Idan awon ya faɗo tsakanin girma biyu, ɗauki babban, muddin yana da wuraren ragewa.

Ni na fi karkata ga ɗamarar da idan ka dubi karen ta gaba za ka ga madaurinta sun yi siffar harafin Y: biyu sun sauko ta gefen wuya sun haɗu a kan ƙashin ƙirji, ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafu zuwa ciki. Amfaninta shi ne mahaɗar tana zaune a kan ƙashi, ƙasa da maƙogwaro. Ɗayar siffar ita ce mai madauri guda da ya gitta ƙirji a kwance. Tana da sauƙin sawa, amma ta bi ta kan gaɓar kafaɗa, kuma kare ba shi da cikakken ƙashin nan da ke haɗa kafaɗa da ƙirji irin namu, tsoka ce ke riƙe da allon kafaɗarsa, yana zamewa gaba da baya a kowane taku. Sai dai gaskiya ta wajaba: wani ƙaramin bincike a Ingila da ya fito a 2019 ya samu cewa duka siffofin biyu suna rage miƙewar kafaɗa. Don haka ba na sayen zancen masu talla cewa akwai ɗamarar da ba ta taɓa tafiyar kare ko kaɗan. Hujjata ga mai siffar Y ita ce maƙogwaro, kuma ko ita ɗin, idan ta yi yawa ta hau sama, ta koma maɗaurin wuya da wani suna.

Akwai ta uku, mai kama da 'yar shara, wadda ta lulluɓe ƙirji da baya da yadi mai soso. Ita ce ta fi kyau a hoto, ita ce kuma aka fi saya wa ƙananan karnuka. An ɗinka yawancinsu ne don ƙasashen sanyi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma a Kano ko Sakkwato ko Yamai zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Lulluɓe ƙirjin dabba mai gashi da soso a irin wannan yanayi zalunci ne, ko da ba a yi niyya ba. In dai sai irin wannan, to a nemi ta raga mara nauyi. A duba ƙarafan jikinta ma: zobe da maɓallin da aka yi don karen kilo 30 kaya ne a bayan na kilo 3.

Gwaji na gaskiya yana zuwa ne bayan an sa. Yatsa biyu su shiga tsakanin madauri da jiki, ga ɗan mitsitsin kare ma ɗaya ya isa. Madaurin ciki kada ya cusa cikin hammata, ya bar ɗan tazara bayan gwiwar ƙafar gaba, in ba haka ba zai goge fatar har ta yi ja, gashin wurin ya zube. Sannan a cikin gida, ƙofa a rufe, ka tsaya a gabansa ka ja igiyar a hankali ta wajen kansa. Karen da ya tsorata baya yake ja, ya sunkuyar da kai, ya zare ƙafafu, kafin ka ankara ya fice daga ɗamarar kamar an tuɓe riga. Gara ka gano haka a tsakar gida da ka gano shi a bakin titi lokacin da babur ya yi ƙara. Ga karen da ya ƙware a zamewa akwai ɗamara mai madauri na uku da ke zama a bayan haƙarƙari, inda jiki ya tsuke, ba ta iya wucewa ta ƙirji.

Masu horar da karnuka suna da ƙorafi, kuma ba na watsar da shi: sun ce ɗamara tana sa kare ya ji daɗin ja, tunda da irinta karnukan ƙasashen ƙanƙara suke jan kaya. Gaskiya ne cewa ɗamara ba ta koya wa kare tafiya a natse. Amma maɗaurin wuya ma bai koya wa karen layinmu komai ba, kullum ana fizgarsa kullum yana tari. Horo aikin mai kare ne: ka tsaya cak duk sanda igiya ta miƙe, ka ci gaba idan ta saki, ka yi haƙuri na makonni. Akwai ɗamara mai zobe a gaban ƙirji da ke juyo da kare idan ya ja, tana taimakawa, sai dai ga gajerun karnuka igiyar takan shiga tsakanin ƙafafu ta harɗe su. Karen kilo 4 ba zai kayar da kai ba, zoben baya ya wadatar.

Ban ce a jefar da maɗaurin wuya ba. A bar mara nauyi, a rataya masa lambar wayar mai gida don ranar ɓata, amma kada igiya ta taɓa shi. Ita kuwa ɗamara ta fita ce, a cire ta idan an dawo, musamman ga masu dogon gashi da ke cukurkuɗewa a ƙarƙashinta, a kuma laluba wurin saboda kaska tana son irin waɗannan saƙo. Ɗan kwikwiyo yana girma da sauri, a sake awo duk bayan 'yan makonni. Kada a ɗaga kare sama da igiya ko da yana cikin ɗamara, a sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya ƙarƙashin ƙugu.

Shekaranjiya na sake haɗuwa da maigadin. Maigidan ya sayo ɗamara, shuɗiya, ta ɗan yi wa karen yawa a gaba, muka tsuguna a bakin ƙofa muka rage madaurin har mahaɗar ta sauka kan ƙashin ƙirji. Tarin ya ragu, in ji shi, amma yana dawowa da dare da kuma duk sanda karen ya yi zumuɗin ganin baƙo. Na ce ya faɗa wa maigidan a kai shi wurin likitan dabbobi a saurari ƙirjinsa, a ɗauki hoton wuyan, domin ciwon zuciya ma yana kawo wa ƙananan karnuka irin wannan tari.