Ra'ayinmu: Masu dandalin labarai su riƙa shawara da jama'arsu

Akwai wani irin shafi na intanet da ba ya ɗaukar ɗan jarida ko ɗaya, amma kullum cike yake da labarai. Masu karatu ne da kansu ke kawo labarin da suka gani a wani wuri, sauran jama'a su jefa masa ƙuri'a, wanda ya fi samun ƙuri'u ya hau shafin farko. Digg, wanda Kevin Rose da abokansa suka kafa a Amurka a shekarar 2004, da Reddit, wanda Steve Huffman da Alexis Ohanian suka buɗe a 2005, su ne suka fi shahara a wannan fage. Kamfani ke da na'urori da suna, amma hajar da ke cikin kasuwar ta jama'a ce. A ganinmu, duk rigimar da aka sha yi a waɗannan shafuka daga wuri ɗaya ta taso: kamfani ya yanke hukunci a ofis, jama'a su wayi gari su tarar da shi.

Idan ba a manta ba, ranar 1 ga Mayun 2007 Digg ya shiga goge duk wani rubutu mai ɗauke da wasu lambobin sirri da ke buɗe makullin faifan fim na HD DVD, bayan da lauyoyi suka aika da wasiƙar gargaɗi. Tsoron shari'a dalili ne mai ƙarfi, kuma da an fara da bayyana shi, mai yiwuwa da yawa su fahimta. Sai aka fara da gogewa da rufe asusun mutane. Jama'a suka cika shafin farko da lambobin nan, har Rose ya fito a ranar ya ce an daina gogewa.

Darasin bai zauna ba. A watan Agustan 2010 Digg ya sake fasalin shafin baki ɗaya, ya cire maɓallin da jama'a ke binne labarin da ba su so da shi, ya kuma buɗe wa manyan kafofin watsa labarai hanyar zubo labaransu kai tsaye. Wato an karɓe aikin tace labari daga hannun waɗanda suka raya wurin. Wannan karo mutane ba su tsaya dogon gardama ba, suka kwashe kayansu suka koma Reddit. A 2012 aka sayar da suna da shafin Digg ga kamfanin Betaworks a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai wuce dala dubu 500 ba.

Reddit da ya ci gadon wannan hijira ya fi dogara da aikin sa kai. Kowane zaure a cikinsa yana da masu kula da shi, su ne ke share zagi da tallan banza da labaran ƙarya dare da rana, kuma ba a biyan su ko dala. A farkon Yulin 2015 kamfanin ya sallami ma'aikaciyar da ke haɗa su da manyan baƙi masu zuwa amsa tambayoyi, ba tare da an sanar da su ba. Suka rufe manyan zauruka. Shugabar kamfanin, Ellen Pao, ta nemi afuwa tare da amincewa cewa an daɗe ana sakaci da su, ranar 10 ga watan kuma ta sauka, Huffman ya dawo kan kujera.

Abin da ya faru a 2023 shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Reddit ya sa kuɗi a kan hanyar da manhajojin waje ke bi su ɗebi bayanansa. Hujjarsa ita ce kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwasar hirarrakin jama'a kyauta suna horar da na'urorinsu, kuma wannan hujja ba ta banza ba ce. Amma wa'adin da aka bayar bayan bayyana farashi kusan wata ɗaya ne kacal. Mai manhajar Apollo ya ce za a buƙaci ya biya kimanin dala miliyan 20 a shekara, ya kuma rufe ta a ƙarshen Yuni. Masu kula da zauruka da makafi, waɗanda da yawansu da irin waɗannan manhajoji suke aiki, su ne abin ya fi shafa. Ranar 12 ga Yuni zauruka sama da dubu 7 suka rufe ƙofa. Kamfanin bai janye farashin ba, ya ma yi barazanar sauke waɗanda suka ƙi buɗewa, yajin ya watse. Bambancin da 2010 a fili yake: a wancan lokaci akwai inda za a koma, a wannan babu wani mai girman da zai ɗauki jama'ar.

A Fabrairun 2024 aka ba da rahoton cewa Reddit ya ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 60 a shekara da Google a kan waɗannan bayanai, a watan Maris kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Gaskiya ne an ba wasu daga cikin jama'ar damar sayen hannun jari tun farko, amma da kuɗin aljihunsu. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Ba mu ce kamfani ya sa kowane hukunci a ƙuri'a ba, don shi ke biyan albashi da kuɗin na'urori. Muna kira ne da a bayyana sauyi tun yana shawara, a faɗi dalilinsa na gaskiya ko da kuɗi ne, a ba da wa'adin watanni, a kuma ajiye ma'aikaci sananne da masu aikin sa kai za su iya samu ya ba su amsa. Su kuma matasanmu da ke tafiyar da zaurukan labarai a Facebook da WhatsApp, su ajiye wata hanya ta daban da za su iya samun mutanensu ranar da mai gida ya sauya doka.