Gidanka ne, amma da izinin ƙungiya: Yadda Florida ta rage wa shugabannin unguwanni iko

A Amurka, mutum kan sayi gida da guminsa, amma fentin ƙofarsa sai da izini. Sama da mutum miliyan 70 ne ke zaune a rukunin gidajen da ƙungiyoyin masu gidaje ke gudanarwa, kuma a irin waɗannan unguwanni duk wanda ya sayi gida ya zama mamba, ko ya so ko ya ƙi. Ƙungiyar ce ke kula da tituna da filayen wasa, ita ce ke karɓar kuɗin hidima, ita ce kuma ke cin tara.

A jihar Florida, tura ta kai bango ne a watan Nuwamban 2022, lokacin da aka kama wasu shugabannin ƙungiyar unguwar Hammocks da ke yankin Miami bisa zargin wawure kusan dala miliyan biyu. Kafin kamen, an ninka wa mazauna kuɗin hidima ninkin ba ninkin.

Majalisar jihar ta mayar da martani da dokar HB 1203, wadda Gwamna Ron DeSantis ya sanya wa hannu, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024. Yanzu ƙungiya ba ta da hurumin hana mutum ajiye motarsa ta a-kori-kura a harabar gidansa. Ba za ta ci shi tara don ya bar kwandon shara a waje awa 24 kafin zuwan masu kwashewa ko bayan tafiyarsu ba. Lambun kayan miya da igiyar shanya ma sun tsira, muddin ba a hango su daga titi ko gidan maƙwabci. Abin dariya ne a ce sai da doka za a shanya wanki, amma haka abin ya kai. Shugaban da ya karɓi na goro daga ɗan kwangila kuwa, yanzu babban laifi ya aikata.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Lauyoyi na ta jayayya kan ko sabbin tanade-tanaden sun shafi tsofaffin unguwanni, tunda ƙa'idojinsu yarjejeniya ce da aka ƙulla tun kafin dokar, kuma tsarin mulkin jihar ya hana a yi dokar da za ta warware yarjejeniya.

Babban makamin kuma yana nan daram. Tara ba ta wuce dala 100 kan kowane laifi, sai in ƙa'idojin unguwar sun tanadi fiye da haka. Amma wanda ya gaza biyan kuɗin hidima, ƙungiya na iya ba shi wa'adin kwana 45 ta ɗora bashin a kan gidan, ta ƙara wasu 45, sannan ta nemi kotu ta sa a yi gwanjonsa, ko da tuni ya gama biyan banki.