Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ƙadangare Ba Kakan Akuya Ba Ne

Akwai wata magana da aka daɗe ana maimaitawa a ajin kimiyya, wai dabbobi masu shayarwa irin su akuya da jemage sun samo asali ne daga dabbobi masu jan ciki, dangin ƙadangare. A nawa ra'ayin, lokaci ya yi da malamai za su daina koyar da ita, domin binciken masana ya riga ya wuce nan.

Abin da burbushin ƙasusuwa ya nuna shi ne, fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, dabbobi masu ƙashin baya da ke yin ƙwai a tudu sun rabu gida biyu. Gida ɗaya ya haifar da ƙadangare da kada da tsuntsaye. Ɗayan kuwa, wanda ake kira sinafsid, ana gane shi da kafa guda a ƙoƙon kai bayan kowane ido, kuma daga cikinsa masu shayarwa suka fito. Ke nan dangantakar akuya da ƙadangare ta 'yan'uwa ce masu kaka ɗaya.

Wani zai ce ai Dimetrodon, ɗan gidan sinafsid mai tozo kamar filafilan jirgin ruwa, da ƙadangare yake kama. Gaskiya ne, amma ƙoƙon kansa ya nuna ya fi kusa da akuya. Haka kuma ƙasusuwan da aka tono a yankin Karoo na Afirka ta Kudu sun nuna yadda haƙora suka bambanta sannu a hankali, da yadda wasu ƙasusuwan muƙamuƙi suka yi ta ƙanƙancewa. Biyu daga cikinsu ne suka koma cikin kunnen masu shayarwa, inda suke taimaka wa ji. Tun a shekarar 1837 Bajamushe Karl Reichert ya lura da wannan alaƙa a jikin 'yan tayi.

To, mene ne abin damuwa? Ɗalibin da aka koya wa tsohuwar maganar zai ɗauka halittu tsani ne, ƙadangare a ƙasa, akuya a sama, alhali kowane reshe ya yi tafiyarsa daban. Ɗalibin nan ne kuma zai zama malami gobe. Saboda haka ina kira ga marubuta littattafan sakandare da su gyara wannan darasi, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.