Ruwa Ya Ci Ɗaki, Mai Gida Ya Zo Da Kwado



Tun ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle har fiye da mutum 150 suka rasu, kowa a Akra ya san abin da kogin Odaw kan yi da damina. Abin da ba a faɗi shi ne abin da ke biyo baya. Ruwa ya ci katifa da buhun shinkafa da keken ɗinkin ɗan haya, kafin laka ta bushe mai gida ya ɗaura wa ƙofa kwado, wai kuɗin haya ya makara. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa a sahun farko yake salla.

Ya kai mai gida, dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda ka karɓi adibas na fiye da wata 6 ba, amma na shekara 2 ka karɓa, ɗan haya ya ciwo bashi ya ba ka. Wanda ya yi maka haƙurin shekara 2, yaya za ka kasa yi masa na wata 2? Kuma korar ɗan haya hukuncin kotu ne, ba na kwadonka ba.

In ka ce shari'a kake bi, to Risala da muka karanta a zaure ta bayyana cewa idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a abin da ya saura. Ashe wani lokaci kai ake bi bashi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara kuwa ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Na san akwai gwauruwa da marayu waɗanda kuɗin haya ne tuwonsu, ruwan kuma bai tsallake su ba. Haƙƙinsu yana nan. Sai a zauna gaban Sarkin Zango da liman, a rubuta: jinkirin wata 3, biya kaɗan-kaɗan, sannan abin da ɗan haya ya kashe wajen gyaran bango da daɓe a cire shi daga kuɗin haya.

Mai gidan da ya ƙi wannan zama, dattawa su daina shaida masa yarjejeniyar haya. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin maƙwabci, amin.