Ba Ciko Ne Ke Hana Tuƙi Ba

Mutum ya fito daga wurin likitan haƙori, leɓensa ya yi nauyi, makullin mota na hannunsa. Wasu za su ce masa kul ya taɓa sitiyari, wasu su ce ai ba komai. Dukansu kame-kame suke yi, domin babu wanda ya tambayi abin da aka zuba masa a jiki.

Allurar da aka saba yi kafin a cike kogon haƙori, galibi lidokayin, jijiyar wurin kaɗai take kashewa. Harshe da leɓe su kan yi sa'a 2 zuwa 4 kamar ba na mutum ba, amma ido na gani, ƙafa kuma ta san birki. Sau da yawa ana haɗa ta da adirenalin, wanda kan jawo faɗuwar gaba da rawar hannu na ɗan lokaci, wani kuma jiri ya ɗebe shi saboda tsoro ko yunwa. Maganin wannan shi ne a zauna har jiki ya dawo daidai. Mai hana irin wannan mutum tuƙi yini guda tsoro kawai yake rabawa.

Haɗarin yana wajen magungunan kwantar da hankali. Wanda aka yi wa allurar midazolam ta jijiya, ko ya haɗiyi diyazefam, yakan ji garau alhali hankalinsa bai gama dawowa ba, kuma wannan jin garau ɗin shi ne tarkon. Shi ya sa asibitocin gwamnati a Birtaniya suke sharɗanta ɗan rakiya, su kuma hana tuƙi na sa'a 24. Daƙiƙa ɗaya ta jinkirin taka birki, a gudun kilomita 60, ta kai mita 16. A titin da a-daidaita-sahu ke yanko hanya babu sigina, wannan tazarar ran mutum ce.

Saboda haka laifin farko na likitan da ya yi shiru ne. Ranar da aka sa lokaci ya kamata a faɗa wa majinyaci irin maganin da za a ba shi, tun bai fito da mota daga gida ba. Faɗar hakan bayan an gama ihu ne bayan hari. Sai dai majinyata ma ba su fita ba, musamman 'yan boko masu ganin sun san magani. Wanda ya sha ƙwayar barci a gida don fargabar injin haƙa, ko ya tsaya kemis ya afa tiramadol da zafi ya taso, sannan ya shiga mota ya ɗauko yara daga makaranta, ba shi da hujjar ɗora wa ciko laifi.